Takardar binciken tana durowa, hayaƙin yana hancinmu

Akwai wani bawan Allah a bayan layinmu a nan Jos, ba zan faɗi anguwar ba don kar a je a dame shi, sana'arsa sayen mataccen batir. Na mota, na sola, na inbata, duk wanda ya mutu ka kai masa zai ɗora a sikeli ya ba ka kuɗinka. Wata Asabar na tsaya ina kallonsa yana aiki, ya jawo batir bakin kwata ya sa gatari ya fasa kansa, ya karkata shi ruwan asid ɗin ya tsiyaye cikin kwata yana kumfa yana wani ƙauri mai shiga maƙogwaro, sannan ya zazzage farantan dalmar a buhu ya jefa robar gefe. Hannunsa ba safa, ƙafarsa silifas, wandonsa duk huji-huji inda ruwan ya ɗiɗɗiga. Kuma kwatar nan ita ce dai ta bi ta ƙofar islamiyyar yara, ta gangara ta haɗe da babbar kwata, ta faɗa rafi, rafin kuma kowa a garin nan ya san 'yan lambu da shi suke ban ruwa da rani. Latas ɗinmu da kabejinmu da muke alfahari da su kenan.

Na ce masa, Malam wannan ruwan fa guba ne. Ya yi dariya ya ce, "Haba maigida, na fi shekara goma a aikin nan ga ni garau, in na tashi madara nake sha ta wanke komai." Na ce madara ba ta wanke dalma. Sai ya ajiye gatarin ya dube ni ya ce, "To na ji. In ban zuba a kwata ba, a ina zan zuba? Nuna min wurin in kai."

Wallahi tambayar nan ta fi ƙarfina, kuma tun ranar na daina ganin laifinsa shi kaɗai. Mutum ne mai neman abin da zai kai gida. Waɗanda nake da magana da su su ne masu albashi da mota da hatimi waɗanda aikinsu kenan su san inda guba take tafiya a ƙasar nan, da kuma tsarin da muka yarda da shi na cewa wai binciken lafiyar masana'anta ko ma'ajiyar kemikal sirri ne tsakanin mai wuri da jami'i, mu da muke kwana muna tashi a gindin katangar ba ruwanmu.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Na taɓa yin aiki na ɗan lokaci a wata ƙaramar masana'anta, ba sai na ce wacce ba. Ranar Litinin manaja ya tara mu ya ce ranar Alhamis za a zo dubawa. Kun ji fa, kwana uku kafin su zo mun san suna zuwa. Talata aka buɗe sito aka fito da hular kwano da takalman roba da takunkumi sababbi fil a ledarsu, wasunmu ranar suka fara sanin ashe akwai su. Laraba aka sa mu muka gangara da durom-durom na ragowar kemikal bayan katanga aka lulluɓe da tamfol, aka wanke kwata, aka shafa wa tukunyar kashe gobara mai don ta yi sheƙi alhali kowa ya san babu komai a cikinta. Alhamis suka zo su uku, suka zaga inda aka nuna musu, suka shiga ofis aka rufe ƙofa aka kawo lemo da naman kaza, da za su fita aka bi su da ambulan wai kuɗin mai. Kafin la'asar mai kula da sito ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya karɓe hulunansa yana ƙirgawa. Durom-durom ɗin kuwa da daddare wata tifa ta zo ta kwashe, na tambayi direban ina za a kai, ya ce "daji mana, ina kake so a kai".

Wannan ranar a takarda an rubuta an yi bincike. An kuma ci jarabawa.

Tsofaffinmu suna ba da labarin duba-gari na da, wanda zai faɗo gida ba sallamar jiya ba ta shekaranjiya, ya wuce kai tsaye ya leƙa randa, in ya ga tsutsa a ruwa a ranar za ka san ka yi laifi. Mata har ɓoye tukwane suke in an ce ga shi nan a layi. Ba ina cewa a dawo da cin zarafin da wasunsu suka riƙa yi ba, amma dai sun gane abu ɗaya da mu muka manta, wanda ka gaya wa ranar zuwanka ba halinsa za ka gani ba, kwalliyarsa za ka gani.

Kuma kada wani ya ce min doka ce babu. Doka kam muna da ita har ta yi mana yawa. Tun abin da ya faru a Koko a 1988, lokacin mulkin Babangida, da wasu 'yan kasuwar Italiya suka shigo da sharar guba sama da tan 3,500 a cikin durom-durom suka jibge a filin wani mutum a wannan ƙaramin garin na bakin ruwa, a tsohuwar jihar Bendel, Delta ta yanzu, suna biyansa hayar dala 100 a wata, shi bawan Allah bai ma san me aka ajiye masa ba. Ma'aikatan da aka sa kwashewa wasu sun ƙone wasu sun kwanta asibiti. Gwamnati ta fusata ta janye jakadanta daga Rum, aka tilasta wa Italiya ta kwashe kayanta, a shekarar aka yi dokar soja mai lamba 42 wadda ta ce duk wanda aka kama da zubar da shara mai guba ɗaurin rai da rai ne, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, a shekarar dai aka yi sabuwar dokar ma'adinai. Malalar mai tana da tata hukumar, NOSDRA, kayan nukiliya suna da NNRA, ma'aikatar ƙwadago tana da masu duba masana'antu, mu nan Filato ga hukumar muhalli ta jiha, PEPSA. Ƙasar nan ta sa hannu a yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba. In da takarda tana tsotse guba da tuni ruwan rafin Dilimi na nan Jos ya zama na sha.

Amma ku lura da wani abu a labarin Koko, ba jami'in tashar jirgin ruwa ne ya tona ba, ba mai duba kaya ba. Ɗaliban Najeriya ne da ke karatu a Italiya suka ga labarin a jaridun can suka rubuto gida, 'yan jarida suka bi sawu har suka gano filin. Haka na Zamfara a 2010. Yara suna ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta da 'Yargalma da Bagega da sauransu, iyaye na cewa iska ce, wasu na cewa zazzaɓi ne ya hau kai, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da suka shiga yankin don wani aikin daban suka lura cewa yaran da ake binnewa sun yi yawa, sannan aka auna jini aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida, wani lokacin a turmin da ake daka hatsi. Yara aƙalla 400 suka tafi. Bagega sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta saboda jiran a saki kuɗi. Aka yi taruka aka ci alwashi, sai ga shi a 2015 abin ya sake ɓullowa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A duk waɗannan, wanda aka ɗauka aiki don ya gani shi ne na ƙarshen gani.

Shi ya sa ni ra'ayina ɗaya ne kuma a kansa nake: a fito da sakamakon bincike fili. Duk wurin da ke ajiye abu mai fashewa ko mai guba, masana'anta ce, gidan gas ne, ma'ajiyar taki da maganin feshi ce, shagon tace kuza ne, asibiti ne mai ƙona shararsa, a liƙa allo a bakin get kamar yadda gidan mai ke liƙa farashin lita. A rubuta me ake ajiyewa a ciki, yaushe aka duba na ƙarshe, wane jami'i ne ya duba da sunansa, me aka samu ba daidai ba, an ba su zuwa yaushe su gyara, sharar kuma wa ke kwashewa ina yake kai ta. Da Turanci da Hausa, in a Bukuru ne ko Barkin Ladi a ƙara da Birom. Jami'in da ya san sunansa zai zauna a bango shekara guda mutanen anguwa suna karantawa, zai yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu a kan tukunyar kashe gobarar da ba komai a cikinta.

Yanzu yadda abin yake, ƙa'ida ta ce masana'anta ta yi binciken muhalli duk bayan shekara uku ta miƙa rahoto. To amma wa ke yin binciken? Ƙwararre ne mai lasisi, wanda kamfanin da kansa zai zaɓa, ya yi ciniki da shi, ya biya shi. Don Allah ku gaya min, wanda ya rubuta rahoto mai zafi bana, wa zai sake kiransa bayan shekara uku? Ba sai mutum ya zama mugu ba, shi ma yana da 'ya'ya a makaranta. An ba kura ajiyar nama kuma ana mamakin ƙashi. Abin da ya kamata, kamfani ya zuba kuɗin binciken a asusun hukuma, hukuma ta jefa ƙuri'a ta turo wanda ya faɗo, mai wuri bai san wa zai zo ba bai san ranar ba, kuma a riƙa ɗaukar wasu rahotannin ana sake aunawa a wani ɗakin gwaji daban, wanda aka kama ya yi ƙarya a karɓe lasisinsa a faɗi sunansa a rediyo. Haka rahoton auna illa da doka ta ce a baje wa jama'a na kwana 21 na aiki kafin a amince da babban aiki, ana bajewa ɗin, amma littafi ne jibgege da Turancin injiniyoyi a kan tebur a sakatariya, wace tsohuwa ce mai lambu za ta je ta karanta? A taƙaita shi a shafi biyu a karanta a rediyo da masallaci da coci, shikenan an fita haƙƙi.

Mu mutanen Jos bai kamata ma a tsaya yi mana dogon bayani ba, don a cikin misalin muke zaune. Kakana daga ƙasar Kano ya zo nan leburancin kuza, da kwano a ka yake hawa da gangara a rami, har ya rasu yana ba da labarin sanyin Filato da yadda ake auna musu hatsi a bariki. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suke haƙa a nan, kamfanin ATMN a Bukuru da ire-irensa, aka kwashi kuza da kwalambait aka loda a jirgin ƙasa aka kai teku, da kasuwar ta fara mutuwa, musamman bayan faɗuwar farashin kuza a duniya a 1985, kowa ya kama gabansa. Me aka bar mana? Ɗaruruwan kududdufai daga Rayfield zuwa Bukuru zuwa Barkin Ladi, masu kyau a hoto, ruwa shuɗi lif kamar a ƙasar waje, amma ka tambayi duk wanda ya tashi a garin nan zai lissafa maka yaron da ya sani da ya je wanka bai dawo ba. Ga kuma tsibin baƙin yashin da ke saura bayan an tace kuza, wanda ke ɗauke da ma'adinai irin su monazayit masu fitar da radiyeshon, wato wani tururi da ido baya gani hanci baya ji, masu bincike na jami'o'i sun sha aunawa suna samun ya zarce na ƙasar yau da kullum nesa ba kusa ba. Ni da idona na ga ana lodar irin yashin nan a baro za a je a yi filasta da shi saboda wai ya fi laushi kuma kyauta ne. Na ga mata a shagon tace kuza suna sheƙe shi a faranti kamar masu sheƙar gero, ƙura ta yi musu fari a gira, ga goyo a baya. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, waɗanda suka ci ribar jikokinsu suna Ingila, mu aka bar wa ramin.

Darasin da ke ciki a bayyane yake, kamfani yana mutuwa amma gubarsa ba ta mutuwa. Don haka kuɗin gyara a karɓe shi tun ranar ba da lasisi, tun ana dariya da juna, a ajiye a inda gwamna ko minista ba zai iya taɓawa ba, in ka gama ka gyara wurin a mayar maka da kuɗinka, in ka gudu a gyara da su. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta yi tanadin asusun gyaran muhalli irin wannan, saura a riƙa gaya mana duk shekara nawa ya shiga, wane rami aka cike da shi. Kuma a faɗaɗa abin ya wuce ma'adinai ya hau kan duk mai tara durom na kemikal.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za su ce masana'antun garin nan nawa suka rage da za a ƙara musu wani nauyi, ga kuɗin wuta ga dizal ga haraji kala-kala, kowace hukuma da rasit ɗinta. Za su ce duk sabuwar ƙa'ida a Najeriya sabon shingen karɓar na goro ce, kuma kan talaka take ƙarewa, a kama mai batir a bar mai tifa. Wannan tsoron ni ma ina da shi. Mun gani a 2025 da gwamna Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adinai a jihar nan, duk da akwai dalilai na tsaro da na yara da ke barin makaranta suna shiga rami, gidaje nawa ne tukunyarsu ta tsaya cak a makon? Rufe wuri da kwaɗo a ɗauki hoto shi ne mafi sauƙin aiki, kuma sau tari mai sana'ar komawa yake cikin gida ya ci gaba a ɓoye, inda matarsa da 'ya'yansa za su fi shaƙa. To amma ku duba, abin da nake nema ba sabon haraji ba ne ba sabuwar hukuma ba, allo ne a bakin get da zuwa ba sanarwa. Na goro a cikin duhu yake yawo, hasken ne baya so. Su kuma jami'an, a yi musu adalci, wanda aka tura duba masana'anta ba mota ba na'urar awo ba alawus, har sai mai masana'antar ya aiko a ɗauko shi, to an riga an gama da shi tun kafin ya fito daga ofis.

Ƙananan kuma irin maƙwabcina mai batir, su ba kamu suke buƙata ba, wuri suke buƙata. Yanzu kowane gida mai ɗan hali ya sa sola, kowane shago da inbata, baturan nan kuma bayan 'yan shekaru mutuwa suke, dubbai ne za su riƙa fitowa a garin nan kaɗai. Masu shigo da su da masu sayarwa su ya kamata a ɗora wa nauyin karɓar matattun, a buɗe wurin tarawa a Farin Gada ko Dilimi ko Bukuru inda za a saya da ruwansa a ciki ba a fasa ba, a farashin da ya ɗara na wanda aka fasa, ka ga ko ba ɗan sanda gatarin zai huta da kansa. Sai dai a bi sawun inda ake kai su ɗin ma, don mutanen Ogijo a jihar Ogun da ke zaune kusa da masana'antun narka batir sun ga ta kansu da ƙurar dalma. Ita dalma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba komai, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata baya dawowa. Yaro zai taso baya gane karatu, malam na duka uba na zagi ana cewa daƙiƙi ne, alhali a bakin kwata ya yi rarrafe.

Ga kuma na fashewa, wanda shi baya ma ba ka shekarun jinya. A Bodija ta Ibadan a watan Janairun 2024, anguwar manya ce fa, abubuwan fashewa na masu haƙar ma'adinai da aka ɓoye a gidan haya suka tashi da dare suka rusa gidajen mutane. A Sabon Tasha ta Kaduna ranar 4 ga Janairun 2020 shagon ɗura gas ne ya fashe, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ilimin kauce wa haɗari. A Ikeja a 2002 rumbun makaman bariki ya kama, mutum sama da 1,000 suka mutu, akasarinsu a cikin ruwan kwatami suna gudu cikin duhu. A Beirut ta Lebanon a 2020 tan 2,750 na sinadarin taki ne ya shekara shida a tashar jirgin ruwa, jami'ai sun sani, wasiƙu sun yi ta kai da kawowa tsakanin ofisoshi, mutanen gari ne kawai ba su sani ba sai ranar da ya tashi da mutum sama da 200. Yanzu ka zaga cikin Jos ka ƙirga shagunan ɗura gas da ke manne da mai suya ko mai walda ko mai shayi, ka tambayi maƙwabtansu ko sun taɓa ganin takardar dubawa. In abu ya faru, Allah ya kiyaye, mun san tsarin, manya za su zo jaje, a kafa kwamiti, a ba shi sati biyu, ihu bayan hari.

Na koma wurin mutumina mai batir bayan kwana biyu, na ce masa aƙalla ya daina fasawa a bakin kwata, ya samu durom na roba ya riƙa tara ruwan, ya daina shiga gida da kayan aikin a jikinsa, ƙaramin ɗansa kuma da ke zama kusa da buhunan a bar shi wajen uwarsa. Ya yarda da na yaron da na kayan, na durom ɗin ya ce in ya cika fa? Mun je wajen mai anguwa ni da shi da limamin layinmu, Baba mai anguwa ya saurare mu tsaf ya ce a rubuto takarda zai sa hannu, muna roƙon abu biyu, a nuna mana inda za a riƙa kai ruwan batir, a kuma zo a auna jinin yaran islamiyyar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya, don haka mun ƙara da tambaya ta uku, a ba mu kwafin rahoton dubawa na ƙarshe na gidan gas ɗin da ke bakin titinmu. Na kai takardar da kaina an buga mata hatimin karɓa, kwafin yana aljihuna. Durom ɗin kuma jiya na leƙa, ya wuce rabi.